Iskar Da Ke Cikin Duron Giya: Darasin Da Ƙarancin Iskar Kabon Ya Bar Wa 'Yan Kasuwa

A ranar 15 ga watan Satumba na shekarar 2021 ne kamfanin CF Industries na ƙasar Amurka ya ba da sanarwar dakatar da aiki a masana'antunsa biyu na takin zamani da ke Ingila, ɗaya a garin Billingham, ɗayar kuma a Ince, saboda tashin gwauron zabo da farashin gas ya yi a nahiyar Turai. Ba a cika mako guda ba sai da gwamnatin Birtaniya ta amince ta ɗauki nauyin kuɗin gudanar da masana'antar Billingham na tsawon makonni uku daga baitulmalin ƙasa.

Ba ƙarancin taki ne ya tayar wa gwamnatin hankali ba. Waɗannan masana'antu biyu su ne a lokacin suke samar da kimanin kashi 60 cikin 100 na iskar kabon da masana'antun abinci da abin sha na ƙasar ke aiki da ita, watau iskar nan da ke sa lemon kwalba ya taso da kumfa idan an buɗe shi. Ministan da ke kula da muhalli da harkokin abinci a wancan lokaci, George Eustice, ya gargaɗi masu masana'antu cewa tan ɗaya na iskar, wanda ake saye wajen fam 200, zai iya kaiwa fam 1,000.

A cikin masu sana'ar abin sha, waɗanda matsalar ta fi raga wa su ne masu bin tsohuwar hanyar da ake barin giya ta samar wa kanta iska a cikin duro ko gangar da aka rufe. Hanya ce da masu dafa giya a gida don shan kansu a Turai da Amurka suka san ta sarai, kuma lissafin da suke yi a kan duro guda na lita 19 shi ne ainihin lissafin da manyan kamfanoni suka koma yi da tsada ta kama su. Sanin kowa ne cewa addinin Musulunci ya haramta giya, kuma jihohi da dama na arewacin Nijeriya sun hana sayar da ita tun daga shekarar 2000. Amma iskar da ake magana a kanta ita ce ke cikin lemon kwalba da sauran kayan sha marasa bugarwa, don haka labarin kasuwarta ya shafi duk mai harkar abin sha.

Inda iskar take fitowa

Idan yis ya sami sukari a cikin ruwa, sai ya cinye shi ya fitar da abubuwa biyu: barasa da iskar kabon. Masana kimiyya sun daɗe da tantance adadin. Giram 180 na sukarin gulukos yana ba da giram 92 na barasa da giram 88 na iska, abin da ke nufin kusan rabin nauyin sukarin da yis ya ci iska yake komawa. Giya mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 tana fitar da kusan kilo 4 na iskar a kowace lita 100 a lokacin da take nuna, alhali abin da ake bukata ya zauna a cikinta sa'ad da ta isa hannun mai saye bai wuce rabin kilo ba. Ke nan mai dafa giya yana samar da kusan ninki takwas na iskar da giyarsa za ta riƙe, yana barin ta tana bin sararin sama, sa'an nan ya sa hannu a aljihu ya sayi wata daga waje.

Tarihi ya nuna cewa masana'antar lemon kwalba kanta daga bakin tukunyar giya ta samo asali. Wani masani ɗan Ingila mai suna Joseph Priestley, wanda ya koma birnin Leeds a shekarar 1767, ya ba da labarin cewa gidansa na kusa da wani wurin dafa giya, kuma a nan ya fara gwaje-gwaje da iskar da ke kwanciya a saman manyan tukwanen. A 1772 ya wallafa hanyar shigar da wannan iska cikin ruwa, kuma a 1783 Jacob Schweppe ya mayar da abin kasuwanci a birnin Janiba. Daga baya iskar kabon ta zama haja mai farashi, wadda ake ɗurawa a silinda ana sayarwa.

Kowane abin sha yana da gwargwadon iskar da ake so ya riƙe. Giyar ganga ta gargajiya ta Ingila tana da giram 2 zuwa 3 a kowace lita, giyar kwalba ta yau da kullum tana da wajen giram 5, giyar alkama ta Jamus da lemon kola suna kaiwa giram 7 ko fiye, yayin da shamfen ta Faransa ke haura giram 10.

Duron lemo da ya koma hannun masu dafa giya

A ƙasar Birtaniya an soke lasisin da ake bukata kafin mutum ya dafa giya a gidansa a shekarar 1963, lokacin da Reginald Maudling yake ministan kuɗi. A Amurka kuwa an daɗe ba a kai ga haka ba. Bayan an ɗage dokar hana barasa da ta yi aiki daga 1920 zuwa 1933, dafa giya a gida ya ci gaba da zama laifi har sai da Shugaba Jimmy Carter ya rattaba hannu a kan wata doka a watan Oktoba na 1978, wadda ta fara aiki a watan Fabrairu na 1979. Dokar ta yarda wa baligi ya dafa galan 100 a shekara, ko galan 200 ga gidan da ke da baligai biyu ko fiye, bisa sharaɗin ba za a sayar ba. Jihohin Mississippi da Alabama su ne na ƙarshe da suka bi sahu, a 2013.

Wannan doka ta haifar da abin da ba a zata ba ta fuskar tattalin arziki. A ƙarshen shekarun 1970 masana'antun giya a Amurka ba su kai 100 ba, amma zuwa shekarar 2022 sun haura 9,000, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka kafa ƙananan sun fara koyon sana'ar ne a ɗakin girki ko garejin gidajensu.

Kayan aikin da suka fi dogara da shi wani ƙaramin duro ne na ƙarfe mara tsatsa, mai cin galan 5 na Amurka, watau wajen lita 19, wanda ake kira da sunan kamfanin Cornelius da ya ƙera shi. Asalinsa na kamfanonin lemo ne irin su Pepsi da Coca-Cola, waɗanda ke aikawa da kayansu a ciki zuwa gidajen abinci. Da kamfanonin suka sauya zuwa jakar leda mai zama a cikin kwali, sai durorin suka rasa aiki, aka riƙa sayar da su da arha a matsayin kwance. Masu dafa giya a gida suka yi ta saye, domin wanke duro guda ya fi sauƙi a kan wanke kwalabe 50 da toshe su ɗaya bayan ɗaya. Da bukata ta ƙaru, tsofaffin suka yi wuyar samu, har ta kai ana ƙera sababbi musamman don wannan kasuwa.

Hanyoyi biyu na cika duro da iska

Giyar da ta gama nuna a buɗaɗɗiyar tukunya lami take, domin a yanayin digiri 20 na ma'aunin Salshiyas abin da ke saura a cikinta bai kai giram 2 a lita ba. Don a kai ta wajen giram 5, akwai zaɓi biyu.

Na farko shi ne tura iskar da ƙarfi. A sa duron a firji, a haɗa shi da silindar iskar kabon ta hanyar na'urar daidaita matsi, a bar shi mako guda ko fiye. Mai gaggawa yana iya ƙara matsin ya gama cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan ita ce hanyar da yawancin masana'antun zamani ke bi.

Na biyu shi ne a bar yis ya yi aikin. A auna sukari, a tafasa shi a ɗan ruwa don kashe ƙwayoyin cuta, a zuba a duron da aka tsabtace, a juye giyar a kai, a rufe. Yis ɗin da ya rage yana yawo a cikin giyar zai cinye sukarin, kuma tun da iskar ba ta da hanyar fita, sai ta narke a cikin giyar. Da yake ana neman ƙarin giram 3 da 'yan kai a kowace lita, kuma sukari rabinsa ne ke zama iska, ana bukatar wajen giram 6 a lita, watau giram 110 zuwa 120 ga duro guda. Wasu gwanaye sukan rage wannan adadi don gudun kumfa ta yi yawa. Aikin yakan ɗauki makonni biyu zuwa uku a yanayin digiri 20, daga nan a sanyaya duron kwana biyu ko uku domin yis ya kwanta.

Akwai abubuwa uku da sabon shiga kan yi tuntuɓe da su. Murfin irin wannan duro ba ya kama bakinsa da kyau sai da matsi daga ciki, saboda haka idan ba a ɗan tura masa iska daga silinda tun farko ba, abin da yis ke samarwa zai riƙa sulalewa, bayan makonni uku a buɗe a tarar da giya lami. Na biyu, laka tana taruwa a gindin duron, daidai inda bututun zuba giya ke ɗauka, don haka kofi na farko ko na biyu gurɓatacce ne, kuma duk lokacin da aka motsa duron sai lakar ta sake tashi. Na uku, idan giyar ba ta gama nuna ba aka rufe ta, ragowar sukarinta zai haɗu da wanda aka ƙara, iska ta wuce misali.

Zafin wuri yana da tasiri ƙwarai, domin ruwa mai sanyi ya fi riƙe iska. A kan ma'aunin da masu faci ke auna tayar mota da shi, duron da ke cikin firji a digiri 3 yana riƙe giram 5 a lita da matsin da bai wuce 11 ba. A digiri 20 matsin yana kaiwa wajen 28, kusa da na tayar ƙaramar mota, a digiri 30 kuwa yana haura 40. Duron Cornelius an ƙera shi ya jure har 130, kuma murafe da yawa suna da bawul mai sakin iska idan ta yi yawa. Kwalbar gilashi ba ta da wannan kariya, shi ya sa fashewar kwalabe ta zama sanannen haɗari ga masu wannan aiki.

Lissafin jari da na lokaci

Idan aka dubi kuɗin da ke fita daga aljihu kaɗai, hanyar yis ta fi arha nesa ba kusa ba, domin sukarin da bai cika kofin shayi ba ne ke yin aikin. Bugu da ƙari, ba a bukatar firji a cikin makonnin da iskar ke taruwa, kuma yis mai rai yana shanye iskar oksijin da ta shiga lokacin juyewa, wadda ita ce ke sa giya ta tsufa da wuri. Sai dai ba a rabuwa da silinda gaba ɗaya, saboda ana bukatar iska kaɗan don kama murfi da kuma tura giyar waje sa'ad da ake zubawa.

To amma akwai kuɗin da ba a gani a rasit, shi ne lokaci. Ga mai dafawa a gida, jiran makonni uku haƙuri kawai yake ci. Ga ɗan kasuwa kuwa jari ne ya kwanta. Alal misali, a ɗauka ƙaramar masana'anta tana sayar da duro 10 a mako, kuma kowane duro yana ɗaukar makonni biyu kafin ya je kasuwa ya dawo. Duro 20 sun ishe ta. Idan aka ƙara makonni biyu na jiran yis, sai ta bukaci duro 40, da ɗakin ajiye su, da kuɗin hatsi da na ma'aikata da aka kashe wata guda kafin ciniki ya shigo. A ƙasar da kuɗin ruwa na banki ke da yawa, wannan jinkiri yana iya cinye duk abin da aka tsimi na sayen iska. Wannan ne ya sa masana'antu suka rungumi silinda tun farko: kaya na fita da sauri, kuma kowane duro yana fitowa daidai da ɗan'uwansa.

Jamusawa sun daɗe da samun hanyar rage wannan jinkiri. Dokar tsabtar giya da Sarki Wilhelm na Huɗu na Bavariya ya kafa a garin Ingolstadt a 1516 ta taƙaita kayan haɗi ga ruwa da sha'ir da wani fure mai ɗaci da ake kira hops, kuma har yau ƙa'idojin ƙasar ba su yarda a sa sukari a giyar laga ba. Saboda haka masu dafawa suka saba da dabaru biyu. Ɗaya ita ce su toshe tukunyar gab da ƙarshen nuna, sa'ad da ɗan sukarin hatsi ya rage, su sa bawul da ke sakin iska idan matsi ya wuce adadin da aka saita. Ta haka giya tana gama nuna da iskarta a ciki, ba tare da ƙarin makonni ba. Ɗayar kuma ita ce su zuba wani kaso na sabuwar giya da ke tsakiyar tashi a cikin wadda ta gama. Masu dafawa a gida sun kwaikwayi dabarar farko, suna ɗaura ƙaramin bawul mai agogo a bakin duro.

Yadda masu saye suka ceci ganga a Ingila

A Ingila tsohuwar al'ada ita ce a aika da giya mashaya a cikin ganga tun yis nata na da rai, ta ƙarasa nuna a ɗakin ƙasa mai sanyi, a jawo ta da famfon hannu ba tare da silinda ba. Gangar da aka fi amfani da ita tana cin galan 9 na Birtaniya, wajen lita 41. Aibinta shi ne da zarar an buɗe ta, iskar waje na shiga, kuma cikin kwana uku ko makamancin haka sai ta fara lalacewa.

A shekarun 1960 manyan kamfanoni shida da suka mamaye kasuwar suka karkata ga giyar da aka tace, aka kashe yis ɗinta da zafi, aka cika ta da iskar silinda, domin tana daɗewa kuma ba ta bukatar gwanintar mai mashaya. A 1971 wasu mutum huɗu suka kafa ƙungiyar masu saye da aka fi sani da CAMRA don kare giyar ganga, kuma ƙungiyar ta bunƙasa har ta zama ɗaya daga cikin ƙungiyoyin masu saye mafi ƙarfi a ƙasar. A 1989, bayan binciken hukumar hana babakere a kasuwa, gwamnati ta tilasta wa kamfanonin da ke da mashaya fiye da 2,000 su saki wani kaso, ta kuma bai wa masu hayar mashayarsu damar sayar da giyar ganga guda daga wani kamfani dabam. A 2002 ministan kuɗi Gordon Brown ya rage wa ƙananan masana'antu haraji. Sakamakon haka masana'antun giya a ƙasar suka haura 1,500 a shekarun 2010.

Duk da haka giyar ganga tana da nata rauni. Lokacin da aka rufe mashaya a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, an zubar da miliyoyin kofuna, kuma kayan da ba sa jure ajiya su ne suka fara tafiya.

Kasuwar da farashi ba ya motsa ta

Abin da ya sa kasuwar iskar kabon ta bambanta da sauran kasuwanni shi ne, da wuya a kafa masana'anta domin ita kaɗai. Yawancinta tana fitowa ne a gefe, wajen sarrafa gas a mayar da shi amoniya ta takin zamani, ko wajen yin man itanol daga masara. Matsayinta kamar na dusa ne a wurin mai injin niƙa. Idan gari bai da kasuwa, injin zai tsaya, kuma komai tsadar da mai kiwo zai saya, ba za a tayar da injin domin dusa ba. A yawancin kayayyaki, tashin farashi yana jawo ƙarin masu samarwa. A nan kuwa abin da ke yanke hukunci shi ne farashin gas da na taki.

An ga haka sau huɗu cikin shekaru biyar. A watan Yuni na 2018, ana tsakiyar gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa a Rasha, ga zafin bazara, masana'antun amoniya da dama a Turai suka rufe don gyara a lokaci guda. Babban dillalin kayan masarufi na Birtaniya, Booker, ya taƙaita yawan katan ɗin giya da kowane mai saye zai ɗauka, Coca-Cola ya tsayar da wasu layukan aikinsa na ɗan lokaci, masu sarrafa kaji da masu gasa burodi su ma suka shiga matsi domin suna amfani da iskar wajen sarrafa kaya da ƙunshe su. A 2020 aka rage tuƙi a Amurka saboda annoba, masana'antun itanol suka tsaya, iska ta yi ƙaranci. A 2021 aka yi rikicin Billingham da Ince. A 2022 kuma aka sami gurɓata a rijiyoyin iskar kabon na Jackson Dome da ke jihar Mississippi, ƙananan masana'antun giya a Amurka suka rasa abin da suka saba samu. Daga bisani kamfanin CF ya rufe Ince gaba ɗaya a 2022, ya kuma sanar da daina yin amoniya a Billingham a 2023.

Manyan kamfanonin giya sun daɗe suna da injinan da ke tara iskar da ke tashi daga tukwanensu, su wanke ta, su matse ta, su ajiye. Ƙananan ne ba su da jarin yin haka, kuma su ne dillalai ke fara yanke wa kaya idan an shiga ƙaranci, domin masu manyan kwangiloli ake fara sallama. Bayan waɗannan shekaru, da yawa daga cikinsu suka koma ga bawul irin na Jamusawa, wasu kuma suka sayi ƙananan injinan tara iska. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana.

Abin da ya shafi Nijeriya

Masana'antun Nijeriya sun taɓa ɗanɗana irin wannan yanayi ta wata fuskar. A shekarar 1988, a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, an hana shigo da tsiron sha'ir daga waje. Kamfanonin giya da na lemon malt, waɗanda aka gina injinansu a kan sha'ir, suka koma ga dawa da masara ala tilas. Ko bayan an sassauta dokar, dawa ta ci gaba da zama cikin kayan haɗinsu, abin da ya buɗe wa manoma da dillalan hatsi na arewa kasuwar da ba su da ita a da.

Ta fuskar iskar kanta kuwa, burukutu da ake dafawa da dawa a sassan Filato da Binuwai da Taraba da Adamawa, da fito na arewacin Gana, ana sayar da su ne suna cikin tashi, a buɗaɗɗun tukwane. Wannan ne ya sa ba sa wuce 'yan kwanaki, kuma ba a iya toshe su a kwalba a kai su nesa.

Haka nan masu sana'ar kunun zaƙi da kunun aya da zoɓo suna fama da lissafin duron nan ba tare da sun nema ba. Robar kunun da ta kumbura da rana aikin yis da ƙwayoyin halitta ne da suka shiga daga hatsi ko kayan aiki. Abin sha mai zaƙi yana iya ɗaukar giram 100 na sukari a lita, alhali giram 10 kacal sun isa su cika shi da iska kamar giyar kwalba, kuma idan giram 20 suka narke, matsin ya kusa na shamfen, a cikin robar da ba a yi ta domin haka ba. Ga wani abin lura kuma: duk inda yis ya samar da iska, ya samar da barasa kusan daidai nauyinta. Giram 6 na sukari a lita suna barin barasa da ta kusa rabin kashi ɗaya cikin 100. Saboda haka mai son sayar da zoɓo ko lemon citta mai iska ga kasuwar da ke ƙyamar barasa, silinda ce hanyarsa, tare da tafasa kayan da ajiye su cikin sanyi.

Wannan kuwa ya mayar da shi cikin sahun masu dogara da dillalin iska. Abin da ya kamata mai irin wannan masana'anta ya bincika tun kafin ya zuba jari shi ne daga wace masana'anta iskar dillalinsa ke fitowa, me zai iya sa waccan masana'anta ta tsaya, kwana nawa ajiyarsa za ta ɗauke shi idan mota ba ta zo ba, kuma ko akwai dillali na biyu da ke ɗauko kaya daga wani wuri dabam. Iskar kabon ƙaramin kaso ce a cikin kuɗin da ake kashewa kan kwalbar lemo, amma masana'antun Birtaniya sun gani a 2018 da 2021 cewa idan ta yanke, sukari da kwalabe da ma'aikata duk zaman jira suke yi.